Albashi mai kauri ko barci mai nauyi: yadda za a auna barin aiki mai takura

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya shigo gidana a Yantala, ya gaishe ni, ya zauna a gefen tabarma, ya kife wayarsa a ƙasa kamar mai ɓoye abin kunya. Ba mu gama gaisawa ba wayar ta fara ruri. Sau uku yana kallon ta bai ɗauka ba, a na huɗu ya ce, "Kawu, yi haƙuri, daga ofis ne," ya fita ƙofar gida. Da ya dawo ya faɗa mini abin da ya kawo shi. Shekara shida ke nan yana riƙe da lissafin kuɗi a wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Yamai, abin da ke shiga hannunsa a wata ya kai jika 450 na sefa (jika ɗaya sefa dubu ce), amma rabonsa da barcin da ya wuce awa biyar tun kafin azumi. Ga shi an yi masa tayin aiki a Tawa, garin da aka haife shi, a wata makaranta mai zaman kanta, inda za a biya shi jika 220 kuma a tashi aiki kafin la'asar. Tambayarsa gajera ce: ya tafi ko ya zauna?

Ban ba shi amsa a daren ba, domin tambayar ta fi ƙarfin a amsa ta tsakanin kofin shayi na farko da na biyu. Mutane da yawa a garin nan suna yawo da irinta a zuci, daga ma'aikatan banki da na kamfanonin waya har zuwa ungozoma mai kwana a asibiti da direban proje, wato aikin ƙungiyoyin tallafi, da ya fi sanin hanyar daji a kan ɗakinsa. Wasu suna aza albashi kusa da albashi, su ga ratar, su ce zama ya zama dole. Wasu kuma suna aza gajiya kusa da hutu, su rubuta takardar ajiye aiki a ranar da ransu ya ɓaci. Duka biyun awo ne da mudu ɗaya, alhali abin da ake aunawa ya haɗa da lafiya, da kuɗi, da takardu, da mutanen da ke rataye a wuyan mutum.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne ainihin abin da ke cin mutum a wurin aikin, domin ba kowace gajiya ce ke da magani iri ɗaya ba. A shekarar 1979 wani masani a Amurka mai suna Robert Karasek ya nuna cewa yawan aiki shi kaɗai ba ya karya mutum kamar yadda yake karya shi idan ya haɗu da rashin ta-cewa, wato a ɗora maka kaya mai nauyi kuma a hana ka zaɓen yadda za ka ɗauke shi. Duk wanda ya san kasuwar Katako zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai shago yana buɗewa da sassafe ya rufe da magariba, aikinsa ya fi awa goma, amma idan aka kira salla sai ya ja ƙofa, idan aka yi rasuwa a unguwa sai ya bar yaronsa ya tafi jana'iza, ba ya neman iznin kowa. Wanda ke zaune bayan kantar banki awanninsa ba su kai na mai shagon ba, amma layi a gabansa, shugaba a bayansa, kuma kuskuren sifiri ɗaya daga aljihunsa za a cike shi. Binciken da aka daɗe ana yi a kan ma'aikatan gwamnatin Ingila a Landan, wanda Michael Marmot ya jagoranci zagayensa na biyu daga 1985, ya gano cewa ƙananan ma'aikata sun fi manyan shugabanni kamuwa da ciwon zuciya, kuma ƙarancin iko a kan aikinsu yana cikin dalilan. Wani masanin kuma, Johannes Siegrist da ya yi aiki a Jamus, ya ƙara da cewa abin da ke ƙona zuciya shi ne a yi ta zuba ƙoƙari ba tare da sakamako daidai da shi ba, ko na kuɗi, ko na girmamawa, ko na tabbacin gobe.

Amfanin wannan ga mai shawarar barin aiki a fili yake. Idan tushen takurar mutum guda ne, shugaba mai tsawa ko abokin aiki mai kai tsegumi, to shugabanni ana canza musu wuri, kuma ba hikima ba ce a rushe gida saboda ɓera ɗaya. Idan tushenta bashi ne, wato mutum yana kwana da tunanin abin da ake bin sa sai ya ɗora laifin a kan ofis, to komawa ƙaramin albashi ƙara wa wuta itace ne. Amma idan a ginin aikin kansa matsalar take, an rage ma'aikata ba a rage aiki ba, wa'adi yana bin wa'adi, wayar ofis ba ta san dare ba, to haƙuri ba zai gyara ta ba, domin ko an kawo sabon shugaba tsarin zai tarar. Da na tambayi ɗan yayata, sai ya ce su uku ne a sashen da, an sallami biyu ba a ɗauki kowa ba, rahoton masu ba da tallafi kuma bai ragu da shafi ɗaya ba. Nasa ciwon na ginin aiki ne.

Sai batun jiki, wanda shi ne aka fi rainawa a lissafi saboda ba ya zuwa da rasit a ƙarshen wata. Dokar ƙwadago ta Nijar, wadda aka sa wa hannu a watan Satumba na 2012, ta tsayar da awa 40 a mako a matsayin lokacin aiki na ƙa'ida. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙididdigar da ta nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin 100, idan aka kwatanta shi da mai awa 35 zuwa 40, kuma sun ƙiyasta cewa mutum 745,000 ne suka mutu a duniya a 2016 ta wannan hanya. Ya kamata mutum ya ɗauki biro da takarda ya ƙirga awanninsa na gaskiya na mako biyu, har da Asabar ɗin da ake cewa "ka leƙo na ɗan lokaci," har da saƙonnin WhatsApp na bayan isha'i. Da yawa za su tarar sun haye 55 ba su sani ba. Tun 2019 kuma hukumar lafiyar ta amince da cewa akwai wata irin ƙonewa da aiki ke jawowa, mai alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya fara yi masa kallon banza, sannan hannu ya daina kyau a abin da da ya gwanance a kai. Alama ta biyu ita ce ta fi ba ni tsoro, domin idan ma'aikaciyar jinya ta kai matsayin da kukan majinyaci ba ya taɓa ta, ba muguwa ta zama ba, ƙarewa ta yi.

Shawarata a nan ba ta da tsada: kafin a yanke komai, a je a auna hawan jini sau da yawa a ranaku daban-daban. Idan awon yana tsayawa a 140 bisa 90 ko sama, ga rashin barci, ga ciwon kai na kullum, ga faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba, to sikelin ya riga ya karkata, kuma maganar likita ta shiga gaban maganar kowa. Na ga gidajen da maigida ya faɗi a ofis, aka yi ta sayar da fili da mota ana jinya, abin da aka tara cikin shekara goma ya narke cikin wata shida. Wurin aikinsa kuwa kafin sadakar arba'in an sa wani a kujerar.

Amma fa lafiya ba ta biyan kuɗin haya, don haka dole a zauna a yi lissafin kuɗi, a yi shi da gaskiya. Kuskure na farko shi ne kwatanta albashin da aka rubuta a takarda maimakon abin da ke isa hannu. Harajin albashi a ƙasar nan hawa-hawa ne, babban albashi ya fi ƙarami shan yanka, saboda haka ratar da ke tsakanin ayyuka biyu takan ragu bayan an cire haraji da kason asusun fansho. Kuskure na biyu, wanda ya fi girma, shi ne mantawa da cewa aiki mai takura yana cin kuɗin kansa. Ɗan yayata yana zaune a Harobanda, kullum sai ya ƙetare gadar Kennedy da safe cikin cunkoso, ya ƙetaro ta da dare. Da muka rubuta, hayar gida jika 80, man mota da gyaranta jika 45, abincin rana a waje jika 30, domin ba ya samun komawa gida. Jika 155 ke nan da aikin da zaman Yamai suke karɓewa kafin ya sayi ƙwayar shinkafa. A Tawa akwai sashe a gidan mahaifinsa, makarantar kuma tafiyar babur ce ta minti goma, abin da zai kashe a waɗannan abubuwa ba zai wuce jika 25 ba. Ratar da ta bayyana jika 230 sai ta koma jika 100. Har yanzu kuɗi ne masu yawa, amma ba ramin da ya zata ba ne.

Daga nan sai a fitar da abin da nake kira kuɗin dole, wato adadin da idan albashi ya gaza shi gida ba zai zauna lafiya ba: hatsi da cefane, kuɗin makarantar yara, wuta da ruwa (kuma a tuna da watannin Afrilu da Mayu, lokacin da fanka ba ta hutawa), magani, abin da ake aika wa iyaye, da zubin adashen da aka riga aka shiga. A nan ne nake ganin hukuncin ya fi rataya. Idan sabon albashi ya rufe kuɗin dole har ya bar ɗan abin ajiya, to abin da mutum zai rasa jin daɗi ne, kuma jin daɗi ana sabawa da rashinsa cikin ƴan watanni. Idan kuwa bai rufe ba, takurar ba ta tafi ko'ina ba, ta taso ne daga ofis ta dawo tsakar gida, an rabu da Bukar an haifi Habu. Wanda shugaba ke hana shi barci yana da ranar Lahadi, amma wanda mai gidan haya da mai shagon unguwa ke hana shi barci ba shi da ranar hutu. Mafi ƙarancin albashi na doka a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024, don haka jika 220 ya ninka shi fiye da sau biyar, kuma akwai dubban gidaje da ke rayuwa a ƙasa da haka. Sai dai mutum ba da ma'aunin doka yake rayuwa ba, da abin da ya saba wa iyalinsa yake rayuwa, kuma fitar da yaro daga makarantar da ya saba zuwa wata ba ƙaramin abu ba ne a gidan da bai shirya masa ba.

Mai bashin banki kuwa lissafinsa daban ne. Yawancin rancen ma'aikata an ba da shi ne bisa sharaɗin cewa albashi zai riƙa faɗawa a asusun bankin, a cire kason wata kafin mai shi ya taɓa. Kason da bai wuce kwatan babban albashi ba yana iya zama rabin ƙarami. Wanda saura masa wata biyar ko shida ya gama biya, kuma jikinsa bai kai ga faɗuwa ba, sau da yawa ya fi masa ya daure ya ƙarasa, ya fita da wuyansa sake.

Albashi a ƙasar nan ba na mutum ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya yi wannan shawara shi kaɗai zai sha tambaya daga baya. Akwai ƙane da ke jami'a, akwai gwaggo da ake saya wa maganin sukari, akwai ragon layya da gida biyu ke jira. Ba ina cewa a bar dangi su yanke hukunci ba, domin wanda ke karɓa ba kasafai yake ganin abin da mai bayarwa ke haɗiya ba, amma matar aure ko miji, da iyaye, suna da haƙƙin su ji tun da wuri, kuma a faɗa musu adadi, ba a tsaya ga "abubuwa za su ɗan ragu" ba. Komawa gida kuma yana da nasa harajin da ba a rubuta ba. Wanda ke Yamai ana kiran sa a waya, yana iya cewa sai ƙarshen wata. Wanda ke Tawa da safe zai buɗe ƙofa ya tarar da mai bukata a zaune, kuma babu biki ko suna da zai wuce shi. Ga kuma bakin mutane, musamman a Adar, yankin da Tawa take, inda aka saba namiji ya tafi Abijan ko wani wuri ya daɗe, ba ya dawowa sai da abin nunawa. Za a ce an kore shi ne yake ɓoyewa. Wannan magana takan yi wata biyu ta mutu, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya sayar da lafiyarsa don ya toshe bakin ƴan fada ba, amma gara ya san za a yi ta.

Yanzu sai takardu, inda aikin da ake kira mai sauƙi ya fi yawan ɓoye aibinsa. Tambaya ta farko ga sabon wurin ita ce wace irin kwantaragi za a ba ka, mai wa'adi ko marar wa'adi, kuma a rubuce ko da baki. Ta biyu ita ce ko za a ci gaba da zuba maka a asusun CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da kariyar ma'aikata. Ma'aikaci ana cire masa kashi 5.25 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara nasa kason wanda ya fi haka, kuma daga nan ne fansho da kuɗin iyali da diyyar haɗarin aiki suke fitowa. Ƙananan wurare da yawa suna biyan albashi hannu da hannu ba tare da sun yi wa kowa rajista ba, mutum yana jin daɗin cewa ba a cire masa komai, ashe tsufansa ake cirewa. Fanshon tsufa a wannan asusu yana zuwa ne a shekara 60, ana duba daɗewar rajistar mutum da kuma zubin da aka yi masa a shekaru goma na ƙarshe, sannan ana lissafa adadinsa bisa matsakaicin albashin shekarun ƙarshe na aiki. Wannan shi ya sa shawarar ɗan shekara 32 ta bambanta da ta ɗan shekara 55. Na farko yana da lokacin da zai sake hawa. Na biyu idan ya sauka zuwa ƙaramin albashi dab da ritaya, yana iya rage abin da zai ci har ƙarshen rayuwarsa, don haka ya je ofishin asusun ya nemi a yi masa lissafi kafin ya motsa. Haka nan a duba inshorar lafiya: manyan kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa suna ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin magani ga ma'aikaci da iyalinsa, kuma gidan da ke da mai ciwon da ba ya warkewa zai ji rashin wannan fiye da rashin jika 100.

Yadda ake fita ma yana da farashi. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da haƙƙin kuɗin sallama da doka ta tanadar wa wanda aka sallama, sai dai a biya shi albashin da ya yi wa aiki da kuɗin hutun da bai ci ba. Dole kuma ya ba da sanarwa tun kafin ya tafi, yawanci wata guda ga mai albashin wata, fiye da haka ga manyan ma'aikata, kuma wanda ya fice ba sanarwa ana iya bin sa kuɗin wannan lokaci. Ya karɓi takardar shaidar aiki, wadda haƙƙinsa ce. Idan akwai abin da bai gane ba, ofishin sufeton ƙwadago don haka aka buɗe shi. Kada kuma ya miƙa takardar ajiye aiki sai sabuwar kwantaragi tana hannunsa da sa hannu, domin alkawarin baki shi ne sakin reshe a kama ganye, musamman da yake sabon aiki yakan fara da lokacin gwaji wanda a cikinsa ana iya rabuwa cikin sauƙi. Yamai kuma ƙaramin gari ne ga masu sana'a ɗaya. Shugaban da ka zaga a ranar fita shi za a kira a waya bayan shekara uku a tambaye shi halinka.

Kada a ɗauka cewa babban albashi shi ne mai dorewa. Bayan sauyin mulki na Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da ayyukansu a Nijar, sannan a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da mafi yawan ayyukan hukumarta ta agaji a duniya, kuma duk wanda ya san ma'aikatan proje ya san waɗanda suka wayi gari ba aiki. Mai jure wahala saboda tabbas ya tambayi kansa ko tabbacin yana nan. Sai dai ƙaramin wurin ma a yi masa irin wannan tambaya. Makaranta mai zaman kanta da kuɗin iyaye take numfashi, idan iyaye suka makara albashi ya makara, wasu kuma wata tara ko goma kawai suke biya, lokacin babban hutu kowa ya yi ta kansa. Jika 220 sau tara ba jika 220 sau goma sha biyu ba ne.

Shi kansa sauƙin da ake hange sai an tabbatar da shi, domin mai neman ma'aikaci ba zai ce maka gidansa akwai hayaƙi ba. Hanya mafi kyau ita ce a nemi wanda ya bar kujerar a ji dalilinsa, a gaisa da maigadi a tambaye shi ƙarfe nawa babura suke watsewa daga ƙofa, a kuma ji ko albashi yana fita a kan lokaci. Ko da sauƙin ya tabbata, yana da nasa ciwon. Wanda ya saba da gudu, idan ya zauna a inda aikin yini yake ƙarewa kafin azahar, wata uku na farko zai ji kamar an sauke masa dutse, daga nan wani sai ya fara jin kamar an ajiye shi a gefe. Hannu kuma yana sanyi. Akanta da ya bar manhajojin lissafi na manyan ƙungiyoyi ya koma littafin rasit, bayan shekara biyar zai tarar an wuce shi, kuma hanyar komowa ta ƙuntata. Maganin wannan shi ne mutum ya san tun farko abin da zai yi da awannin da ya saya da rabin albashinsa, ko karatu, ko gona da kiwo, ko riƙe wa ƴan kasuwa lissafi da yamma, ko kuma zama da ƴaƴansa, wanda shi ma ba ƙaramin aiki ba ne.

Ga mace ma'aikaciya ma'aunin ya fi nauyi ta gefen lokaci, domin idan ta taso daga ofis wani aikin ne ke jiran ta a gida, kuma awa 55 ɗin da ake magana ita ta daɗe da wuce su. Amma ita ce kuma ya fi kamata ta yi taka-tsantsan da batun rajista da fansho da sunanta, saboda abin da ta tara a takarda shi ne nata ko yaya rayuwa ta juya.

Tsakanin tafiya da zama akwai hanyoyin da ba a cika gwadawa ba. Doka ta ba ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, wato wata guda a shekara, kuma akwai waɗanda suka shekara uku ba su ci nasu ba. Cin wannan hutu, da waya a kashe, gwaji ne mai kyau: idan bayan mako uku barci ya dawo kuma mutum ya ji zai iya komawa, to gajiya ce ta taru, idan kuwa tun saura kwana biyar a koma ƙirjinsa ya fara bugawa, to ya sami amsarsa. Ana iya neman canjin sashe, ko a zauna da shugaba a kai masa awannin a rubuce a nemi ƙarin mutum. Ba kowane shugaba ne zai saurara ba, amma wanda ya riga ya shirya tafiya ba abin da zai rasa idan ya tambaya. Ma'aikacin gwamnati kuwa yana da gatan da na kamfani ba shi da shi, domin dokar aikin gwamnati ta tanadi dakatar da aiki na wani lokaci ba albashi, mutum ya gwada wani abu ba tare da ya yar da lambarsa ta ma'aikacin gwamnati ba. Ban ga hikimar ajiye aikin gwamnati gaba ɗaya ba kafin a nemi wannan.

Idan aka tara duka, ni a ganina wanda ya kamata ya tafi shi ne wanda jikinsa ya fara ba da shaida, matsalarsa a ginin aikin take, ya gwada gyara bai samu ba, sabon albashi ya rufe kuɗin dolensa, kuma sabon wurin ya yarda ya rubuta komai ya yi masa rajista. Irin wannan mutum idan ya ci gaba da zama, tsoro ne ke riƙe da shi ba lissafi ba. Wanda ya kamata ya dakata shi ne mai bashin da ya kusa ƙarewa, da wanda ritaya ta matso, da wanda rigimarsa da mutum ɗaya ce, da wanda tayin da aka yi masa bai wuce fatar baki ba. Dakatawar ma a sa mata rana, a ce zuwa wata kaza, ana ajiye abin da zai riƙe gida na wata uku zuwa shida, in ba haka ba sai shekara ta zagayo a tarar da mutum a inda yake. Istihara da shawarar manya suna da muhallinsu, kuma sun fi daɗi idan an zo musu da lissafi a hannu.

Ɗan yayata ya je ya auna jini sau uku, duka ukun sun haye 140. Ya karɓi hutunsa na shekara, ya hau motar safe ya bi ta Doso da Dogonduci da Ƙonni, tafiyar kilomita kusan 550, ya kwana goma a Tawa. Mahaifiyarsa ta ce masa, "Kai dai ka dawo, tuwo ba zai gagare mu ba." Mai makarantar ya yarda da rubutacciyar kwantaragi da rajistar CNSS, amma a kan biyan wata goma sha biyu ya ce sai ya yi shawara da abokan haɗin gwiwarsa. Bashin motar yaron kuma zai ƙare a watan Maris. Takardar ajiye aikin tana cikin kwamfutarsa, an rubuta komai sai kwanan wata, kuma ya ce mini ba zai cike gurbin ba sai amsar wata goma sha biyun ta zo a rubuce.